Gargaɗi ga masu motoci: tsohon batir ake wankewa a kawo muku cikin sabon kwali

Jama'a, musamman direbobi da masu ƙananan motoci, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗin batir. Akwai wasu mutane da ke talla a Facebook da zaurukan WhatsApp, suna cewa kwantena ta iso musu, suna sayar da sabon batir a farashin sari, da garantin wata 12, kuma har ƙofar gida za su kawo maka su ɗaura. Wai in ka ba su tsohon naka za su rage maka wani abu. Ni na saya. Abin da aka ɗaura mini ba sabo ba ne, kuma ya yi wa motata ɓarnar da ta fi abin da na ɗauka an rage mini.

Lokacin zafin bazara ne, batirina ya haura shekara biyu da rabi, ya fara nauyin tashi da safe. Na taya a wajen dila na ji kuɗin, sai na ci karo da tallar, an rage kusan kashi ɗaya cikin uku. Na kira. Kafin la'asar wani matashi ya iso kan babur da kwali ɗaure a baya. Ya buɗe a gabana, batir fes, sai ƙyalli yake, sitika sabuwa, har da jar hular roba a kansa. Ya ciro guntuwar waya ya haɗa kawunan biyu, wuta ta yi tartsatsi, ya ce, "Alhaji ka gani, cike yake." Ya ɗora mitar auna wuta, ta nuna bolt 12.8. Ya ɗaura, na murza makulli sau ɗaya mota ta tashi. Na biya, ya ba ni wani kati mai hatimi da lambar waya, babu adireshin shago, ya ɗaure tsohon batirina a bayan babur ya tafi.

Mako uku ba a yi ba na buɗe bonet zan duba mai, na tarar da farin gari haɗe da shuɗi-shuɗi ya lulluɓe jan kan batir kamar an zuba gishiri. Saman batirin a jiƙe. Na goge da tsumma, washegari tsumman ya huhhuje. Bayan kwana biyar mota ta ƙi tashi a bakin asibiti, da dare, da iyalina a ciki. Na kira lambar da ke jikin katin, a kashe. Har yau a kashe take.

Wani dattijo mai gyaran wayar mota, wanda ya daɗe yana yi mini aiki, shi ya buɗe mini ido. Da muka sauke batirin ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya girgiza kai, ya sa farce ya ɓare gefen sitikar. A ƙarƙashinta ga sawun wata tsohuwar sitika, ga wurin da aka kankare lambobin da kamfani ke bugawa a jikin robar. A gindin jan kan kuma akwai tsaga da aka liƙe da gam aka shafe da baƙin fenti. Ya ce mini, "Ɗana, an yi maka kitso da ƙwarƙwata. Wannan ya yi aiki a motar wani har ya gaji." Ya ƙara da maganar da ta fi tsaya mini a rai: naka da suka tafi da shi ma, yanzu haka wataƙila yana cikin kwali a kan hanyar gidan wani.

Nan sirrin sana'ar tasu yake. Ba sa buƙatar wata kwantena. Kowane mai saye shi ke ba su hajar da za su cuci na gaba da ita. Su wanke robar da omo, su goge ta da mai, su kankare kawunan da sanfefa su yi haske, su zubar da tsohon ruwan su ɗura asid mai ƙarfi, su sa a caji mai zafi na 'yan awoyi, su manna sitika. Kwali da kati kuwa, duk mai injin buga takarda zai yi.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa gwajin da suke yi a gabanka ke ruɗar mutum. Batirin mota ɗakuna shida ne a ciki, kowanne da farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid, kowane ɗaki na ba da kusan bolt 2.1, shi ya sa lafiyayyen batir da ya cika ya huta ke nuna 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. In ka ga wajen 10.5, galibi ɗaki ɗaya ya mutu. To amma batirin da aka cire daga caji yanzun nan zai nuna 12.8 ko 13 ko da farantansa sun zagwanye, domin wutar a sama-sama take, kamar kumfa a bakin kwano. Mitar tana gaya maka akwai wuta, ba ta gaya maka yawan ƙarfin da zai iya bayarwa sa'ad da kika, wato na'urar da ke tayar da inji, ta ja. Tartsatsin waya kuwa ba hujjar komai ba ne, batirin da ya kusa mutuwa ma zai yi shi. Kuma ganganci ne: batir na fitar da iska mai kama wuta lokacin caji da bayansa, tartsatsi ɗaya a bakinsa na iya fasa shi ya watsa wa mutum asid a fuska. Duk mai sayarwar da ka ga yana wannan wasan, ko bai san aikinsa ba ko bai damu da idonka ba.

Gwajin gaskiya shi ne na ɗora masa kaya. Masu gyaran waya da dilolin kirki suna da na'urar da ke jan wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi ta ga ko batir zai riƙe. In babu ita, kunna manyan fitilu na minti biyu ko uku mota a kashe don kumfar ta sauka, sannan a ɗora mita, wani ya murza makulli kai kana kallo. Lafiyayye ba ya faɗuwa ƙasa da 9.6 lokacin da injin ke juyawa. Nawa da muka sake cajinsa muka gwada, ƙasa da 8 ya faɗo. Ƙaramin idon nan mai nuna kore a saman wasu batura ma kada ya ɗauke maka hankali, ɗaki ɗaya kawai yake leƙawa cikin shida.

Sai a duba jiki. Dalma taushi gare ta, duk kan batirin da aka taɓa ɗaure shi da sifana ya yi watanni a mota yana da zoben sawu, in kuma an kankare don a ɓoye, za ka ga layin sanfefa. Shafa gefunan robar, in sun kumbura kamar ciki, ajiye shi. Karkata shi kaɗan ka ga ko gindin kawunan ko haɗin murfin zai jiƙe. Nemi ranar da aka ƙera shi a jikin robar, ba a sitika ba. Kamfanoni sun bambanta wajen rubuta ta, wasu harafi suke sawa a madadin wata, A na Janairu, B na Fabrairu, sai lamba ta nuna shekara. Ka sa mai shagon ya karanta maka. Wanda ya wuce wata shida a ajiye, ko na gaske ne, ya fara cin kansa, balle a zafin ƙasarmu. Sannan ka ɗaga shi. Batir dalma ce, dalma kuma nauyi ce. In an rubuta 75 a jiki, wato lambar yawan wutar da yake ɗauka, amma ka ji bai fi mai 45 nauyi ba, rubutun ƙarya ne. Wannan wata cutar ce daban, ta sababbin batura marasa inganci da ake rage wa faranti a buga musu babbar lamba, kuma ita ma tana nan a kasuwa.

Girman da motarka ke buƙata yana cikin littafinta ko a jikin batirin da ta zo da shi. A motocin Japan za ka ga lamba irin 55D23L ko 80D26R, harafin ƙarshe ke nuna ɓangaren da kawunan suke. In aka kawo maka na hagu a madadin na dama, waya ba za ta kai ba, sai a fara ja da lanƙwasa, ko a buga tamina, wato ƙarfen bakin wayar da ke kama kan batir, da guduma don ta shiga. Bugun nan shi ke tsaga gindin kai, daga nan yoyo ke farawa.

Zan yi adalci a nan, don kada a riƙa zargin masu shago ba gaira ba dalili. Ba kowane farin gari ke nufin an cuce ka ba. Batirin da ya tsufa yana yi. Tamina mai sakwa-sakwa tana jawowa. Cika ruwa har baki yana jawowa. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir a mota, in ta wuce gona da iri ita ce babba: in mota na aiki, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5, in ta kai 15, tafasa batirin take yi, za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ko na wane kamfani ka ɗaura zai lalace. A gwada altaneta ranar da za a canja batir. Tawa an gwada, lafiyarta lau. Batirin da aka ce sabo ne ya fara tsatsafo cikin wata ɗaya a motar da cajinta daidai yake, wannan ba tsautsayi ba ne.

In ka tarar da garin ya riga ya taru, kada ka hure shi da baki, kada ka taɓa da hannu tsirara. Kashe mota, cire makulli, sa safar roba da tabarau. Fara kwance baƙin kai, na negatif, sannan ja. Wajen mayarwa kuma ja ne farko, baƙi a ƙarshe. Dalili shi ne baƙin a jikin mota yake haɗe, in ka fara da ja sifana ta taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi. Jiƙa cokali ɗaya na bekin soda na masu kek a kofin ruwa, in babu shi kanwa ma tana kashe kaifin asid, ka shafa da tsohon buroshin haƙori har kumfa ta daina. Ka kiyaye kada ruwan ya shiga cikin ɗakunan batirin, zai kashe shi. Ɗauraye, busar, ɗaure da kyau, sannan ka shafa ɗan giris ko basilin a sama. Ka wanke mazaunin batirin ma. Nawa asid ya cinye shi har ya ɓule, ya kama wayar da ke wucewa ta ƙasa, sai da aka yi walda aka canja waya.

Batirin da ake buɗe murafunsa, in ruwansa ya yi ƙasa, tataccen ruwan batir na kwalba kaɗai ake ƙara masa, ba na rijiya ko na burtsatse ba, kuma ba asid ba. Ruwan ne ke ƙonewa, asid ɗin yana nan. Wanda robarsa ta tsage kuwa ba shi da gyara. Kada wani ya ce zai liƙe maka da gam. In asid ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, a wuce asibiti, ba a tsaya neman manja ko man shafawa ba.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi damuna. Waɗannan mutane a bayan gidaje suke wannan aikin, ruwan da suke zubarwa a kwata yake tafiya, wanda ya ƙi gyaruwa kuma su fasa shi da gatari su kwashe dalmar. Mu a Arewa mun san abin da gubar dalma ke yi. A 2010 yara kusan 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, a can daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito. A wajen Dakar ta Senegal kuwa, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 ne suka mutu a unguwa ɗaya, kuma tsofaffin baturan mota da ake fasawa a tsakar unguwar su ne sila. Don haka kada a ajiye mataccen batir a tsakar gida ko a soro inda yara ke wasa, kada kuma a miƙa shi ga wanda ba a san inda zai kai shi ba. A mayar wa dila mai shago a yi musaya.

Wanda na saya daga baya a shago na saye shi, inda in na koma gobe zan tarar da mutum. Na tafi da dattijon nan, aka ɗora wa batirin kaya a gabanmu, aka rubuta lambarsa da kwanan wata a rasit da katin garanti, na ɗauki hoton duka. Da irin wannan takarda ce mutum ke da bakin magana a gaban shugabannin kasuwa, ko a hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC, ko hukumar kula da ingancin kaya ta SON. Ni da katin da ba shi da adireshi, ba ni da wanda zan nuna.

Shekaranjiya na sake ganin tallar a wani zauren WhatsApp na masu motoci. Hoton kwalayen nan ne dai, kalmomin ma ba a canja ba, sunan shafin da lambar waya ne kawai sababbi. A ƙarƙashinta mutum huɗu sun riga sun tambayi kuɗin mai 75.