Gashin dada a Katsina: wane sabulu da wane mai za ki saya?

Shekara biyu ke nan ƙanwata ta daina kitso. Gaban goshinta ne ya fara cinyewa saboda jan shuku da ƙananan kalaba, sai ta ce za ta bar gashin ya harɗe da kansa ya zama dada, ba murɗawa, ba ƙarin gashin kanti. Ranar da ta faɗa a gida, Hajiyarmu ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "To, in dai za ki riƙa wanke shi, Allah ya taimaka." Tun daga nan ni ce mai raka ta Babbar Kasuwa, ni ce kuma mai duba mata ƙeya, don haka na san abin da muka saya ya yi amfani da abin da muka zubar.

Kafin ki ciro ko naira ɗaya, ki fahimci yadda dada ke samuwa. Kowane mutum yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a rana. Mai taje kai tana ganinsu a jikin mataji. Wadda ta ajiye mataji kuwa, silin da ya tsinke yana maƙalewa cikin 'yan'uwansa, su cuɗe, a hankali su zama igiya. Gashi ba ya wuce tsawon kusan santimita ɗaya a wata, igiyar kuma kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ta yi ƙwari. To duk abin da kika shafa yana shiga cikin igiyar nan, kuma babu tsifa balle ya fito. Saboda haka tambayar da nake yi wa kowane kaya a gaban mai shago guda ce: in na zuba ruwa, zai fita?

Karkashi ne ya fara ba mu kunya, duk da irin son da muke masa. Da shi muka tashi ana wanke mana kai, kuma ga mai kitso har gobe ban ga kamarsa ba. Amma aikinsa yauƙi ne, yana sa sili ya zame daga jikin sili, wato yana warware abin da kike jira ya ɗaure. Kwandishina ta kanti, wadda ake shafa wa gashi bayan shamfu don ya yi laushi, ita ma haka take. A watannin farko ki bar su duka biyun.

Sabulun salo ya fi su dacewa, ga sauƙin kuɗi, ga shi yana cire datti sosai. Sai dai kada ki goga curin a kai. Ki gutsuri kaɗan, ki jiƙa a ruwan ɗumi ya narke, ki tace da ƙyalle mai laushi. Ranar da muka fara tacewa, abin da ya rage a ƙyallen baƙin tsaki ne kamar an kankare gindin tukunya, kuma da can duk cikin gashin yake tafiya. Aibinsa biyu: yana da kaifi, yana busar da fatar kai, sannan in ruwan unguwarku irin wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa ne, zai bar farin abu mai danƙo a gashi. Maganin wannan shi ne ɗauraya da ruwan khal, cokali biyu a kofin ruwa babba, sau ɗaya ko biyu a wata.

Garin ganyen magarya ya fi sabulun salo taushi a fata, yana ɗan kumfa, kuma ba ya wahalar samu wajen masu kayan ƙamshi da magungunan gargajiya. Shi ma sai an jiƙa an tace sosai, har sau biyu, don garinsa in ya shige igiya ya samu wurin zama. Wannan dalilin ne ya sa ban ba ki shawarar chebe, garin gyaran gashi na Chadi, ba, duk yabon da ake masa, haka ma ƙunshin lalle a ka.

In kina da hali, shamfu na kanti mai ruwa garau, wanda kike hango yatsanki ta bayan kwalbar, shi ya fi fita tas. Wanda ya yi kauri kamar kindirmo yawanci an cika shi da sinadaran sa santsi. Ki juya kwalbar ki karanta. In kin ga dimethicone a jerin farko, ki mayar. Mu dai inda muka tsaya: shamfu garau sau ɗaya a mako, sabulun salo tatacce in ƙurar hunturu ta yi yawa.

Maganar mai ita ce ta fi cin mana kuɗi, kuma a nan muka yi babban kuskure. Wani mai shago ya cusa mana gwangwanin kakin murɗa dada, ya rantse wata uku gashin zai kama. Ya yi sheƙi kuwa a makon farko. Da hunturu ya shigo, ƙura ta bi kakin ta manne. Wata igiya ta bayan kunne ta yi tauri ta fara wari, dole muka yanke ta. Da na tsaga ta da reza, cikinta wani abu ne toka-toka mai danƙo, kamar tsohon ƙullu. Ƙanwata ta yi kuka ranar, don igiyar ta kai wata takwas. Kaki da basilin, ko kyauta aka ba ki, kada su taɓa kanki.

Man kaɗanya fa? Ina ganin girmansa, shi ke rufa wa ƙafafunmu asiri daga faso tun Nuwamba har Fabrairu. Amma mai ne mai daskarewa, a cikin igiya kuma taruwa yake yi. In za ki yi amfani da shi, ɗan lakuto a yatsa don gefen goshi kawai. Man shanu ya fi shi matsala saboda ƙarni. Man kwakwa yana shiga sili da kyau, amma yana daskarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 24, kuma asubahin hunturun Katsina ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba, sai ki tashi ki ji igiyoyin sun sandare. Ki ajiye shi sai bazara. Wanda na fi yarda da shi man riɗi ne: ba ya daskarewa, ba shi da nauyi, na gida ne, kina iya sanin wadda ta tatse shi. Man zaitun na biye da shi, sai dai ya fi tsada kuma jabunsa ya yi yawa. Ko wanne kika zaɓa, fatar kai ake shafa wa, ɗigo kaɗan, bayan kin fesa ruwa. Ƙaramar kwalbar feshi ta fi kowane gwangwanin mai amfani a wannan tafiya.

Abin da mutane ba su cika lissafawa ba shi ne bushewa. Mu masu hijabi ne, kuma igiya mai kauri tana riƙe ruwa a cikinta ko da bayanta ya bushe. In kika rufe ta da danshi, musamman da damina, za ta yi fumfuna ta yi warin rima. Ki yi wankin kai da hantsi, ki matse igiya ɗaya-ɗaya, ki raba waɗanda suka fara haɗewa a gindi tun suna jiƙe, sannan ki zauna tsakar gida rana ta yi aikinta. Diraya tana da amfani, amma da yanayin wutarmu ba zan ce ki fara da ita ba. Tawul mai gashi-gashi yana barin zare a igiya. Tsohon zanin atamfa da ya sha wanki ya fi shi. Ki sayi hular yadin satin mai santsi guda biyu, ta barci da ta ƙarƙashin hijabi, masu duhun launi.

Wankan tsarki ma yana cikin lissafi. Hadisin Ummu Salama ya nuna mace ba sai ta tsefe kitso ba a wankan janaba, amma malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta ruwa ya ratsa gashin ya kai fata. Igiyar da kaki ya toshe ba ta shan ruwa, mai tsabta kuwa tana sha kamar soso. Ki kai wa malamarku ta Islamiyya ta gani da idonta.

In amosani ya dame ki, akwai shamfu mai ketoconazole a kemis. In kuwa kin ga wuri ya yi fili yana ɓarewa kamar makero, wannan na likita ne, don maganin sha yake buƙata.

A kan madubin ƙanwata yau akwai kwalbar shamfu ɗaya, curin sabulun salo a leda, man riɗi a ƙaramar kwalba, abin feshi, da huluna biyu. Igiyoyin sun sauko kafaɗa, gaban goshin kuma ya fara tsirowa.