Tsohuwar fedar wah: wacce za ka saya, wacce za ka bari inda ka gan ta

Duk mai kaɗa jitar lantarki da ya taɓa ɗora ƙafa a kan fedar wah ya san aikinta. Ka danna da dunduniya, sauti ya dushe ya yi kauri. Ka danna da yatsu, ya buɗe ya yi kaifi. A tsakanin nan ne jita take furta abin da kunne ke ɗauka magana ce. Sababbi suna nan birjik, amma akwai masu neman tsohuwa ta shekarun 1960 da 1970, kuma ina cikinsu. Wannan bayani na wanda zai aika kuɗinsa ƙasar waje ne, ko wanda ya ci karo da wata a cikin kayan kwance bai san abin da zai duba ba.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1966 wani matashin injiniya mai suna Brad Plunkett, a kamfanin Thomas Organ da ke Kalifoniya, yana sake fasalin makunnin ƙara tsakiyar sauti na amfilifayar Vox, sai ya maye gurbinsa da abin murɗawa. Da aka saka da'irar a cikin fedar ƙara sautin ogan, wah ta samu. A 1967 ta shigo kasuwa da sunan Clyde McCoy, wani mai busa ƙaho da ya yi suna tun shekarun 1930 wajen fitar da irin wannan kuka da murfin bakin ƙahonsa. Ba da jimawa ba aka fito da sunan Cry Baby, aka kuma miƙa yawancin ƙirar ga masana'antun Italiya, musamman Jen da ke birnin Pescara. Jimi Hendrix da Eric Clapton suka ɗauke ta, duniya ta bi su.

Abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba: tiransista biyu, 'yan rezista da kafasita, boliyom (wato abin murɗawar nan) mai om 100k da giya ke murɗawa, makunni ɗaya, batir mai bolt 9, sai kwayil ɗaya, wato naɗaɗɗiyar siririyar waya, mai kimanin milihenri 500. Wannan kwayil shi ne abin da kake biya wa kuɗi. Shi da kafasita mai mikrofarad 0.01 suke zaɓar wani siririn yanki na sauti su ɗaga shi, ƙafarka kuma tana tafiyar da yankin daga wajen hez 400 zuwa sama da 2000. Sauran kayan duk ana samun madadinsu. Tsohon kwayil kuwa idan ya tafi, fedar ta zama wata feda daban a cikin tsohon gida.

Zaɓina shi ne ƙirar Italiya ta farkon shekarun 1970, ko dai Vox V846 ko Cry Baby ta Jen, mai kwayil ɗin da ake kira Fasel. Ba na ɓoye wannan. Dalili na farko kunne ne. Idan ka kai ta ƙarshen yatsu ba ta huda kunne, tana yin haske amma da sauran nama a jikin sautin. Idan ka dawo da ita dunduniya ba ta nutsewa ta ɓace a ƙarƙashin ganga da bes. Mafi daɗin wurin shi ne tsakiya, inda ɗan motsi kaɗan na idon sawu ke canza furucin gaba ɗaya, kuma a nan ne mai kaɗa kiɗan rawa yake zama yawancin lokaci. Da tsaftataccen sauti tana da zaƙi, da ɗan datti, wato kaushin sauti, a amfilifaya kuma tana yin gurnani. Na ji fedoji da yawa da suka fi ta faɗin zango, wato tazarar sauti daga dunduniya zuwa yatsu, ban ji wadda ta fi ta iya tsayawa a tsakiya ba.

Dalili na biyu shi ne gyara. Fanel ɗinta, wato allon da aka jera kayan lantarkin a kai, ƙarami ne, kayan da ke kansa manya-manya, a warwatse, kowane kana ganinsa da ido. Wayoyi ne ke haɗa shi da soket da makunni, ba a manna soket a jikin fanel ba. Duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe dalma zai iya aikinta idan ka zauna kusa da shi ka nuna masa abin da ba a taɓawa. Gidanta kuma ƙarfe ne na zubi mai nauyi, wanda ya sha taku shekara hamsin bai tsage ba. Dalili na uku farashi: Jen ta ƙera su da yawa, har da waɗanda ta liƙa wa sunayen wasu kamfanoni, don haka ba su kai tsadar yayarsu ba ko kusa.

Yayar ita ce Clyde McCoy ta 1967 da 1968, mai hoton mutumin ko sa hannunsa a farantin ƙasa, da kwayil ɗin da ake kira Halo. Kyakkyawa ce, babu musu, amma takan haura dala 1000, kuma ita ce 'yan damfara suka fi so. Ka bar wa masu tara kayan tarihi. Cry Baby ta Thomas Organ da aka haɗa a Amurka, mai kwayil TDK 5103, ita ce ta biyu a wurina: ta fi kaifi, ta fi araha, kuma idan ka same ta lafiya ba ka yi asara ba. Colorsound ta Ingila tana da dogon taku da faɗin zango, amma ƙafa tana gajiya kafin ta gano inda daɗin yake. Maestro Boomerang ta masu neman sautin funk na 1971 ce kawai. Ibanez WH10 gidan roba ne da ita, yana fashewa, kuma sunan makaɗin jita ɗaya ne ya ɗaga kuɗinta. Tsohuwar Morley mai ƙyalli da ƙwan fitila take aiki, ba ta ƙarar boliyom, amma wadda aka yi wa kasuwar Amurka wutar 110 take sha, ka jona ta a soket ɗinmu ba tare da tiransifoma ba ka gama da ita. Wanda kuma aiki kawai yake so, ba ruwansa da tarihi, ya sayi sabuwar GCB95 ta Dunlop, kamfanin da ya karɓi sunan Cry Baby a 1982. Ba abin kunya ba ne.

Kada lalacewa ta tsorata ka, domin yawancin cututtukan tsohuwar wah masu sauƙi ne, kuma su ne ke sauko maka da farashi. Ƙarar ƙarc-ƙarc idan ana takawa, boliyom ne ya ci ko ya sha ƙura. A fara da feshin wanke lantarki mai ɗan maiƙo, ba man kwance tsatsa ba. Idan bai ji ba a sa sabo mai 100k wanda aka yi don wah, kuma a nemi mai bin tsarin ICAR, boliyom ɗin tsofaffin fedojin Italiya, saboda boliyom ɗin rediyo na gama-gari ba ya jure taku kuma yana tattara duk canjin sautin a wuri guda. Tsohon ka ajiye shi a leda. A ƙasarmu mai hunturu da ƙura, rufaffen boliyom ya fi daɗewa, kuma fedar ba ta kwana a ƙasa a buɗe.

Idan feda tana ƙara sauti da rage shi amma ba ta yin wah, kafin a zargi kwayil a duba kafasitar nan mai mikrofarad 4 ko 4.7. Ita ce ke bushewa da tsufa, kuma kuɗinta bai kai na kwalbar lemo ba. Idan sauti na ɗaukewa, a duba makunni da soket da wayar batir. Idan takun ya yi sako-sako har feda na faɗuwa da kanta, a ɗaure madaurin da ke ƙarƙashin matakin, a shafa ɗan farin giris a haƙoran giya. Akwai kuma wani abu da masu gyara ke yawan kuskurewa: lokacin mayar da giya, dole a bar wa boliyom ɗan sarari a ƙarshe, ta yadda idan ka danna da ƙarfi don kunna makunni ba zai daki iyakarsa ba. In ba haka ba sabon boliyom zai karye cikin 'yan kwanaki. Matsar da giyar da haƙori ɗaya ko biyu kuma yana canza inda zangon ya fara da inda ya ƙare, gyara ne na kyauta ga wanda ya ji fedarsa ta cika kaifi.

Aibin tsohuwar wah na gaskiya ɗaya ne. Tsohon makunnin ba ya cire da'irar gaba ɗaya daga hanya, saboda haka ko a kashe take tana shan hasken jitarka. Maganinsa makunnin DPDT da ke raba ta da layin kwata-kwata, aikin rabin sa'a, kuma ana iya mayar da tsohon duk ranar da aka so. Amma kada ka yarda a huda gidan don saka ramin adafta. Wutar da take ja ba ta wuce miliamfiya ɗaya ba, batir guda zai kai ka watanni muddin kana zare igiyar shiga bayan wasa. Wajen jerawa, ka sa ta kusa da jita kafin fedojin datti. Idan tsohuwar fedar datti ta Fuzz Face ce ke bin ta, za ka iya jin zangon ya ƙuntata ko ta kama fito, wannan halinsu ne idan sun haɗu, ba lalacewa ba. Ka nisanta ta da adafta da tiransifoma, domin kwayil yana kwasar gunjin wuta. Kuma don Allah kada ƙafa ta riƙa lilo da kowane bugun ganga. A bar ta ta bi abin da yatsu ke faɗa.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina. An taɓa sayar mini da wata a matsayin 'yar Italiya wadda ba a taɓa ba. Gida na asali, faranti na asali, hotuna masu kyau, sai dai babu hoton ciki ko ɗaya, mai ita ya ce yana tsoron ɓata sukurori. Da ta iso na kwance ƙafafun roba huɗun da ke farantin ƙasa, na tarar da sabon fanel da sabon kwayil, an kwashe na asalin an sayar daban. Tun daga ranar, sharaɗina na farko ba sauti ba ne, ciki ne. Sukurori huɗu ne kacal ke riƙe da farantin, kuma dole a buɗe su duk lokacin canza batir. Wanda ya ce ba zai iya buɗewa ba, akwai abin da yake ɓoyewa.

Wannan ha'inci yana da riba ne saboda tsohon kwayil shi kaɗai yana da kasuwa, gidan da aka kwashe ma yana da tasa. Kuma kayan rufa-rufa sun yi yawa. Dunlop na ƙera sabon Fasel, ja da rawaya, halal ne kuma yana da kyau, amma marar tsoron Allah zai dasa shi a tsohon fanel ya ce maka na 1971 ne. Ƙananan maƙera na yin kwafin Halo su sayar da shi a fili a matsayin kwafi, wani ya saya ya shafa masa datti. Ana buga sabon faranti mai hoton Clyde McCoy, a goga shi a ƙasa ya yi tabo, a ɗaura a gindin wata feda ta daban. Kafasitocin nan masu zanen launi-launi da ake ɗauka shaidar tsufa, ana sayar da su da ɗai-ɗai a intanet. Kura da fatar akuya ke nan, kuma hoton waje ba zai taɓa tona ta ba.

Don haka ka nemi hoton fanel gaba da baya, da haske sosai. Dubi dalmar da ke ƙafafun kwayil. Dalmar shekara hamsin ta dushe, ta yi toka-toka, kuma duk ɗigon da ke kan fanel kamanninsu ɗaya. Idan na kwayil kaɗai ke walƙiya, ko akwai ƙonewa da baƙin danƙo a gefensu, an taɓa wurin. Sabuwar dalma a boliyom ko a wayar batir ba laifi ba ne, kusan kowace tsohuwar wah an yi mata wannan, kuma mai gaskiya zai faɗa maka da kansa ya rage kuɗi. Dubi ko akwai ƙarin ramuka a fanel da aka huda don ƙafafun wani kwayil su shiga. Dubi ko soket ɗin a manne suke da fanel, ko akwai farin fulogin roba mai tara wayoyi, ko tiransista uku maimakon biyu, duk waɗannan alamun ƙirar baya-bayan nan ne. Idan ƙirar Amurka ce kuma boliyom na asali yana nan, lambar da ke bayansa tana magana: ukun farko na kamfani ne, kamar 134 na Centralab ko 137 na CTS, sauran kuma shekara da mako. Lambar da ta nuna shekarar da ta saɓa wa labarin mai sayarwa tana buƙatar bayani.

Idan fedar tana gabanka, ka je da jitarka da igiya da sabon batir da mita. Kwayil mai rai yana nuna 'yan om kaɗan zuwa gommai, kuma idan mai gyaranka yana da mitar auna kwayil, a ciro ƙafarsa daga da'ira a ga ko yana kusa da milihenri 500. Idan daga nesa ne, bidiyon sauti kaɗai bai isa ba, domin ana iya kaɗa wata a nuna maka wata. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda, ya ajiye kusa da buɗaɗɗen cikin fedar ya ɗauka, sannan ya yi bidiyo ɗaya marar yanka daga buɗe faranti har zuwa takawa. Ka biya ta hanyar da ke ba da damar mayar da kaya, ko da za a caje ka ƙari, kuma ka sa ya rubuta a saƙo cewa kwayil da fanel na asali ne. Ka ce ya cire batir kafin ya naɗe ta, saboda batirin da ya zube a hanya yana cin wayoyi da gefen fanel.