Daga Holan: a nan har wasa sai da alƙawari

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ya mutanen Gangare, ya sanyin Jos? Namu na nan Laidin ya dame naku ya shanye, ga yayyafi ba dare ba rana.

Kin ce in duba miki harkar kayan wasan yara saboda makarantar rainon da kike son buɗewa. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne ɗakin aron kayan wasa. Kamar laburare yake, sai dai maimakon littattafai, motoci ne da 'yan tsana da tubalan Lego. Ki biya ɗan kuɗin rajista, ki ɗauko wa yaro, in ya gaji da shi ki mayar ki canzo wani. Sabo a kanti kam akwai tsada, kina lissafawa da naira za ki ajiye musu kayansu. Amma akwai ƙarko, ba irin wanda muke sayowa ranar jajibiri kafin yawon sallah ya ƙare taya ta fita ba. Wannan dabarar aron ita nake so ki yi tunani a kai, ba ta cin jari sosai.

Filin wasa kuwa kusan kowace unguwa da nata, lilo da yashi da abin silalo, kyauta, hukumar gari ke gyarawa. Mu sai sallah ta zo a kwashi yara zuwa gidan zu.

Abin ma har ya kai jami'a. Inda maigidan yake karatu akwai gini guda mai sunan Johan Huizinga, malamin tarihin da ya wallafa Homo Ludens a 1938. Cewa ya yi wasa ya girmi al'ada, tunda 'yan kwikwiyo ma suna yi ba wanda ya koya musu, kuma shari'a da waƙa har da yaƙi duk suna da saiwa a cikinsa. A Ingila, jami'ar Kambirij ta buɗe cibiyar binciken wasa a 2015 da kuɗin gidauniyar Lego, har da kujerar farfesa. Da na ji haka na tuna bulalar da muka sha a kan 'yar carafke, na ce ashe ilimi muke yi ba a sani ba.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Radcliffe-Brown, Baturen da ya yi rubutu a 1940 kan wasan da ke tsakanin dangi, ya ce tsokanar da aka halatta ita ke sauke zafin da zai iya zama gaba. Wato wasan taubasai, na jika da kaka, na Fulani da Barebari. Abin da muka tashi a ciki.

Shi ne kuma ba a samu a nan ko da kuɗi. Yaro ba ya faɗawa gidan maƙwabta haka kawai, sai iyaye sun sa rana da lokaci, galibi Laraba da ake tashi makaranta da wuri. Rannan ɗan naki ya ce wa tsohuwar maƙwabciyarmu matarsa ce, yadda yake yi wa Hajiya a waya. Baiwar Allah ta yi sororo, na kwashe minti goma ina bayani.

Don Allah ki ɗauko min bidiyon yaran layinmu suna langa. Na gwada nuna masa da kaina, gwiwa ta ƙi.

Ƙanwarki.