Kayan cika harsashi a gida: abin da sabon shiga zai fara saya, da abin da zai jinkirta

Duk wanda ya daɗe yana harbin gwaji ko farauta da lasisinsa, wata rana sai ya dubi kwanson tagullar da ke zube a gabansa ya ga ashe ba shara ba ne. Harsashi abu huɗu ne aka haɗa: kwanso, albarushi, kan da ke fita ta bakin bindiga, da firaima, wato 'yar hular nan ta gindin kwanso da ke tada wuta idan allurar bindiga ta doke ta. Uku suna ƙarewa da harbi ɗaya. Kwanso ne kaɗai ke saura, kuma ana iya gyara shi a sake cika shi sau da dama. Daga nan sha'awar ke farawa, daga nan kuma mutum ke faɗawa ruɗanin saye, domin kayan aikin suna da yawa kuma kowane kamfani nasa yake yabo.

Kafin a kai ga ƙarfe, akwai doka. A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi ga wanda zai cika don amfanin kansa, amma sayarwa sai da lasisin ƙera harsashi. A Jamus sai ka yi kwas ka ci jarrabawa ka karɓi izini ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa kafin a sayar maka da albarushi. A Birtaniya ba a sayar da firaimar harsashin raifil ko fistol ga wanda ba shi da takardar mallakar bindiga. A ƙasashe da yawa kuwa haɗa harsashi a gida laifi ne mai kai mutum gidan yari. Idan dokar inda kake ba ta ba ka dama ba, magana ta ƙare a nan.

Abin da zan ce ka fara saya ba inji ba ne, littafi ne. Kamfanonin Lyman da Hornady da Speer da Sierra duk suna buga kundin awon albarushi, wanda aka gwada abin da ke cikinsa a ɗakin gwaji. Na Lyman ya fi dacewa da mai koyo a ganina, saboda ya ƙunshi kawunan harsashi na kamfanoni daban-daban, kuma babukan farko sun bi aikin daki-daki. Na Hornady da na Sierra sun fi karkata ga kayan da su da kansu suke ƙerawa. In da hali ka mallaki biyu, ka riƙa gwama su. Kundin yana ba da awon farawa da awon da ba a wucewa, kuma da na farawa ake farawa, kullum. Awon da wani ya rubuta a intanet ba tare da an san inda ya samo shi ba, kada ya shiga bindigarka.

Sai injin matsi, inda yawancin gardamar take. Iri uku ne.

Na farko mai aiki ɗaya ne. Dayis guda yake ɗauka, wato ƙarfen nan mai rami da ake murɗawa a samansa, wanda kwanso ke shiga ciki a matse shi. Za ka bi kwanso hamsin ka mayar da su girmansu na asali, ka cire wannan dayis ka ɗaura wani, ka sake bin su hamsin ɗin. Shahararren wannan aji shi ne Rock Chucker na RCBS, kamfanin da Fred Huntington ya kafa a 1943 a garin Oroville na jihar Kalifoniya. Baƙin ƙarfe ne na zubi, mai nauyi, irin wanda ɗa ke gada wajen uba. Lee Precision, wanda Richard Lee ya fara a 1958, yana da masu sauƙin kuɗi, wasu na alminiyum, wasu na baƙin ƙarfe. Hornady ya zo da dabarar Lock-N-Load, inda dayis ke zama cikin zobe, ka ɗan juya shi ya fita ba tare da saitinsa ya ɓaci ba. Akwai kuma Co-Ax na Forster, wanda masu neman daidaiton harbi daga nesa suke ƙauna.

Na biyu mai faifai ne a kai. Faifan yana ɗauke da dayis da yawa a lokaci guda, sai dai kowane jan hannu aiki ɗaya yake yi a kan kwanso ɗaya. Classic Turret na Lee ramuka huɗu gare shi kuma yana juya kansa, T-7 na Redding bakwai ne, da hannu ake juyawa. Abin da ya burge ni a na Lee shi ne ana iya zare sandar da ke juya faifan, ya koma tamkar mai aiki ɗaya har hannu ya faɗa.

Na uku shi ne mai aiki da yawa a jan hannu ɗaya, irin RL550 da XL750 na Dillon, ko Lock-N-Load AP na Hornady. Kwanso huɗu ko biyar suna kan faranti, kowanne a tasharsa: wannan ana matse shi, wancan ana zuba masa albarushi, na gaba ana dasa masa kai. Duk jan hannu harsashi ɗaya ke faɗowa a kammale, ɗaruruwa cikin awa guda. Mai aiki ɗaya kuwa in ya yi hamsin zuwa ɗari a awa ya yi ƙoƙari.

Ido zai so na ukun. Ni dai ba zan ba mai koyo shi ba, kuma dalilina ba tsada ba ce. Albarushin fistol mai saurin ci ne, kuma sau da yawa abin da ake zubawa bai kai rabin cikin kwanso ba. Ke nan in aka yi kuskure aka zuba sau biyu, ba zai malalo ya tona kansa ba, kan harsashi zai zauna a bisansa lafiya lau, harsashin ya fito kamar 'yan'uwansa. Sai ranar harbi bindiga ta tarwatse a hannun mai ita. Kishiyar wannan ita ce kwanson da bai sami albarushi ba sam: firaima kaɗai za ta tura kan ya shiga bututu ya maƙale, harsashi na gaba ya zo ya same shi a hanya. A injin da abubuwa da yawa ke faruwa lokaci guda, ya isa waya ta yi ƙara ka waiga, ka dawo ba ka tuna ko ka juya farantin ba. Da mai aiki ɗaya kuwa, kwanso hamsin ne a jere cikin allo mai ramuka, bakinsu a sama. Ka ɗauki tocila ka haska su layi-layi. Wanda albarushinsa ya fi na maƙwabtansa tudu, ko wanda gindinsa ke walƙiya babu komai, nan take zai nuna kansa. Wannan dubawar ta minti ɗaya ita ce abin da kake saya idan ka zaɓi inji mai nawa. Kuma ba asara ba ce, domin ko ka sayi babba daga baya, ƙaramin zai ci gaba da yi maka aikin raifil da gwajin sabon awo.

Inda ba na son a yi rowa shi ne sikeli. Ana auna albarushi da giren, kuma giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15. Sikelin wannan aiki dole ya rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren. Mai sanda, irin na dā, ba ya cin batir, ba ruwansa da wutar lantarki, sai dai ka jira allurarsa ta daina lilo. Na lantarki yana da sauri da sauƙin karantawa, amma masu arha suna zamewa: ka auna yanzu, ka auna bayan rabin awa, lamba ta canja, wani lokaci iskar fanka kaɗai ce ta jawo. Ni mai sanda na fi natsuwa da shi ga mai koyo. Kowanne ka zaɓa, haɗa da 'yan duwatsun gwaji masu sanannen nauyi, ka gwada sikelin kafin kowane zama. Mazubin albarushi mai hannu yana saurin aiki, amma ka sani da cika yake awo, ba da nauyi ba, don haka sikeli ne alƙalinsa. Ka riƙa ɗaukar zubi ɗaya cikin goma kana ɗorawa a kai.

Dayis ba shi da wahalar zaɓe. Kusan duk kamfanonin zaren murɗawa iri ɗaya suke amfani da shi, mai lamba 7/8-14, don haka na Lee zai hau injin RCBS. Kowane girman harsashi da nasa saitin, kuma kowane saiti yana buƙatar mariƙin kwanso da ya dace da gindinsa. Lee kan haɗa mariƙin a cikin kwali, wasu sai ka saya daban, ka duba kafin ka biya. Ga kwanson fistol mai miƙaƙƙen jiki, ɗauki dayis mai zoben kabayid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, ba ya buƙatar mai. Kwanson raifil mai wuya kamar kwalba kuwa sai an shafa masa mai. Na taɓa mantawa da guda ɗaya a farkon koyona. Hannun injin ya yi tauri, na ƙara ƙarfi maimakon in tsaya, da na ja baya sai gefen gindin ya yage, kwanson ya zauna daram a cikin dayis. Sai da na huda shi na yi masa zare na jawo shi da ƙusa, yammacin ranar gaba ɗaya ya tafi a kan haka.

Ma'aunin tsayi mai muƙamuƙi biyu, wanda ke karanta kashi ɗaya cikin dubu na inci, wajibi ne. Kwanson raifil yana ƙara tsawo da kowane harbi da matsi, in ya wuce iyakar da kundi ya faɗa bakinsa zai iya danne kan harsashi a cikin bindiga, ƙarfin fashewa ya hau. Shi ya sa mai raifil ke buƙatar abin datse kwanso da 'yar wuƙar goge bakinsa. Mai fistol zai iya jinkirta wannan. Ka ƙara da gudumar roba mai cire kan harsashi, don warware wanda ka yi shakkarsa, da tabarau na kariya da ba a cirewa musamman lokacin dasa firaima.

Injin wanke kwanso zai iya jira, tsumma ya isa a farko. In lokacinsa ya yi, akwai busasshe mai girgiza da ɓarzajjen totuwar masara ko ɓawon gyaɗar turawa, akwai mai ruwa da 'yan sandunan ƙarfe. Mai ruwa ya fi tsabtacewa kuma ba ya tada ƙura, abin da ke da muhimmanci tunda yawancin firaima suna ɗauke da sinadarin dalma, ƙurar kuma ba ta da kyau ga jiki, balle ga yara.

Kamfanonin suna sayar da kwali guda mai inji da sikeli da mazubi da ƙananan kaya, kuma ga mai farawa ya fi sauƙi da a tsinto su ɗaya-ɗaya. Galibi dai babu dayis a ciki, babu ma'aunin tsayi. Injin baƙin ƙarfe da wani ya taɓa amfani da shi, in ba ya da tsatsa kuma sandarsa ba ta lilo, saye ne mai kyau. Albarushin da aka buɗe gwangwaninsa, ko wanda aka juye a wani mazubi, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, domin ido ba ya bambance mai saurin ci da mai jinkiri.

Ka kuma leƙa cikin kwanson da ka tara. Rami ɗaya a tsakiyar gindi alamar firaima irin ta Boxer ce, ita ake sake cikawa cikin sauƙi. Ƙananan ramuka biyu a gefe irin ta Berdan ce, za ta karya maka allurar dayis mai fitar da tsohuwar firaima. Kwanson ƙarfe da na alminiyum, da ƙaramin .22 da ake dukan gefensa, duk ka ware su gefe.

Teburin da za ka ɗaure injin ya zama mai kauri, wanda ba ya motsi idan ka danna hannu da ƙarfi, a ɗaki mai haske da ƙofar da ake kullewa. Albarushi da firaima su zauna cikin kwalayensu na asali, a rabe da juna, a wuri mai sanyi nesa da wuta. Lokacin aiki kuma gwangwanin albarushi ɗaya tak ke hawa tebur, kuma abin da ya rage a mazubi cikinsa yake komawa kafin ka tashi.