Gargaɗi ga 'yan Zangon Kumasi: mai sayar da "zabiyar ƙwaro" yana damfarar mutane

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na so in yi shiru da wannan magana don akwai ƙanina a ciki, kuma kunya ta ishe shi. Amma ranar Asabar da ta wuce wata baiwar Allah daga Sawaba ta zo har ƙofar gidanmu a Aboabo da kwanon roba a hannu, tana tambaya ko ƙwarin da ke ciki sun isa a mayar wa mai su ya biya ta. Kuɗin adashinta ta ɗauka ta saya. Da na buɗe kwanon na ga abin da ke ciki, na san shirun ya isa haka.

Akwai wani mutum da ke yawo a WhatsApp da TikTok da Facebook yana tallan ƙwarin nan da ake kira aisofod, musamman farare fat da ya ce zabiya ne. Ba zan faɗi sunansa ba, domin sunan da yake amfani da shi ma ba nasa ba ne, a cikin wata huɗu na ga ya sauya shi sau uku. Salonsa ne bai sauya ba, kuma da salon za ku gane shi.

Ga waɗanda ba su san abin ba: ɗan ƙaramin halitta ne mai sulke a baya, wanda wani irinsa in ka taɓa shi sai ya naɗe ya zama kamar ƙwayar wake. Muna ce masa ƙwaro, amma a haƙiƙa dangin kaguwa da jatan lande ne, ƙafafunsa 14, kuma numfashinsa ba ya yiwuwa sai da danshi. Wanda aka fi sani a cikin masu naɗewa shi ne Armadillidium vulgare, asalinsa daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, babbansa bai kai santimita biyu ba, launinsa toka-toka. A Turai da Amurka da Japan mutane na kiwonsu a akwatin roba don sha'awa, kamar yadda muke kiwon tattabaru a nan, kuma sun ware masu launi iri-iri, ciki har da zabiya. Kiwon gaskiya ne, babu ƙarya a ciki. Shekarata uku ina yi. Da waɗanda na tsinta ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce a bayan gida na fara, daga baya na je Accra na sayo zabiya takwas a hannun wani mai kiwo, bayan na zauna a ɗakinsa na ga iyaye da 'ya'ya a akwati ɗaya. Shi ya sa abin yake mini ciwo: mutumin nan ya ɗauki abin da nake so ya mai da shi tarko.

Ƙanina ɗinki yake koyo a Asawase. Bai shawarce ni ba, don an gaya masa kada ya faɗa wa kowa kafin gurbi ya cika. Mutumin ya ce masa yana da 'yan kasuwa a Jamus da ke jiran kaya, shi kaɗai ba zai iya cika musu oda ba, saboda haka yana neman masu taya shi kiwo a gida. Ka sayi ƙwari 20 a kan sidi 800, ka biya sidi 150 na rajista, abincinsu kuma a wurinsa za ka saya. Shi kuma zai sayi duk ɗan da suka haifa sidi 30. Ya ce kowane mako biyu suke haihuwa, ya yi wa yaro lissafin abin da zai samu kafin babbar salla. Yaron ya tura kuɗin da yake tarawa don sayen keken ɗinki ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, aka aiko masa da ƙunshi a motar Accra.

Maganar mako biyun nan kaɗai ta isa ta tona shi. Wannan ƙwaro ba mai gaggawa ba ne. Macen tana ɗaukar ƙwai a wata jaka da ke ƙarƙashin cikinta na tsawon makonni, ba ta wuce haihuwa biyu ko uku a shekara, 'ya'yan kuma sai sun yi watanni masu yawa kafin su isa haihuwa. Zabiyata takwas ɗin nan na yi kusan rabin shekara ina jira kafin na ga ɗa na farko.

Da ƙanina ya kawo mini akwatinsa, wata biyu bayan saye, fuskarsa a ɓace, ya ce, "Yaya, duba mini, sun fara baƙi. Ya ce ni na lalata su." Na zuba su a tafin hannu. Babu zabiya ko ɗaya. Abin da mutane ba su sani ba, kuma shi ne jarin ɗan damfarar, duk jaririn aisofod fari ake haihuwarsa, ko da uwarsa baƙa ce wuluk. Sai ya yi ta saɓa yana girma sannan launinsa ya fito. To jariran gama-gari ya kwaso ya sayar wa yaro, ya ce masa ƙanana sun fi saurin sabawa da sabon wuri. Da launinsu na asali ya bayyana, sai ya juya maganar: ka ba su abincin da ba nawa ba, ka bar haske ya taɓa su, 'yan Jamus ba sa sayen masu dauɗa. Ya ƙara da cewa in yana so ya sake sayen wasu 20, zai yi masa ragi. Wallahi wannan ne ya fi ƙona mini rai, ka cuci yaro sannan ka sa shi ya kwana yana zargin kansa. Zabiyanci gado ne, a jini yake. Abinci ba ya kawo shi, haske ba ya kore shi. Zabiya da zabiya zabiya suke haifa, kuma da farinsu suke tsufa.

Na baiwar Allahn Sawaba kuwa wata dabara ce daban. Nata farare ne kuma ba za su taɓa yin baƙi ba, amma ba za su girma ba har abada. Wani iri ne ƙanƙane, Trichorhina tomentosa, da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ba ya naɗewa, a cikin ƙasa yake ɓuya. Shi ne mafi araha a wurin masu kiwo, da cokali ake ɗibarsa, don matan suna haihuwa ba tare da namiji ba, kafin ka ankara sun cika akwati. Masu kiwon kwaɗi da ƙadangaru ke zuba su don su cinye ƙazantar keji. Ita dai ta ga suna yawa tana ta murna, duk lokacin da ta kira shi sai ya ce, "Hajiya, ki ƙara haƙuri su kai girman da ake so." Wata biyar tana jira. Na rasa yadda zan gaya mata, sai na ɗauko nawa na ɗora guda a hannunta, ya naɗe, ta dubi nata ta dubi nawa, ba ta ce komai ba sai "Innalillahi."

Saboda haka in an nuna maka ƙwaro an ce zabiya ne, babba za ka nema, wanda ya wuce santimita ɗaya, ka taɓa shi ka ga ya naɗe, ka haska idonsa da fitilar waya. Na gama-gari idonsa baƙi ne, na zabiya ja-ja ne ko fari-fari. Kada kuma a ruɗe ka da wanda ke cikin saɓa: rabi-rabi suke yin ta, bayan jiki tukuna sannan gaba, a lokacin sukan yi fari-fari na kwana ɗaya ko biyu. Mutumin nan ba ya yarda a je wurinsa. Kullum yana kan hanya, ko yana filin jirgi yana sallamar kaya. Ƙanina ya roƙe shi kiran bidiyo ya ga akwatunan, ya ce haske na kashe su. Hotunan da yake sakawa kuwa na shafukan masu kiwo na ƙasashen waje ne, na gano biyu da kaina, ya yanke gefen da sunan mai hoton yake. Cinikin biri a sama ke nan.

Sai sunan MoMo. Kafin ka sa lambobin sirrinka, waya tana nuna maka sunan mai karɓa. Na ƙanina sunan mace ya fito, na Hajiya wani suna daban, duk ya ce na matarsa ne ko na yaron shagonsa.

Na san akwai waɗanda za su ce ai ya biya wane. Gaskiya ne, na ji ya biya mutum biyu ko uku a farko, kuma su ne suka jawo masa sauran ba tare da sun san abin da suke yi ba. Da kuɗin na baya ake biyan na gaba har ranar da za a rufe waya. Mu a ƙasar nan ba baƙin wannan ba ne, tun da aka dakatar da kamfanin hada-hadar zinare na Menzgold a watan Satumba na 2018 mutane ke bin kuɗinsu. Ka tambayi kanka kuma, Bajamushen da ke da masu kiwon zabiya a garinsu, me zai sa ya jira ƙwaro daga Aboabo, da wahalar takardun fitar da abu mai rai?

Ko da na gaskiya ka samu, kada wani ya ce maka sana'a ce da za ta ɗauke maka kuɗin haya. Masu saye a Gana kaɗan ne, kuma zafinmu bai dace da su ba. Ɗakin kwano a watan Fabrairu da Maris yana iya ƙarar da akwati guda cikin yini, ni ma na yi asara a shekarar farko kafin na mai da su ƙasan gado a ɗakin da rana ba ta bugu. Abincin da mutumin nan yake sayarwa sidi 60 a leda, busasshen ganye ne aka daka. Abin da suke ci ke nan dama: busasshen ganyen da ba a fesa wa magani ba, ruɓaɓɓen icce, ɗan karas lokaci-lokaci, da dakakken ɓawon ƙwai don sulkensu ya yi ƙwari. Ka jiƙa gefe ɗaya na ƙasar akwatin ka bar ɗaya a bushe, ka huda murfi iska ta shiga, da hunturu ka ƙara yayyafi. Babu abin da za ka saya a wurin kowa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge komai. Ka adana saƙon MoMo, da hirarku, da saƙonnin murya, da hoton tallan. Ka kai ƙara wurin kamfanin layinka, ka kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa, sannan ka je ofishin 'yan sanda. Mu mun yi, kuɗin bai dawo ba har yanzu, amma an karɓi lambobin, kuma yawan masu ƙara a kan lamba ɗaya shi ke sa a motsa. Kunya ce ke rufa wa mutumin nan asiri, mutum shida na ƙirga zuwa yanzu tsakanin Aboabo da Sawaba da Tafo, biyu kaɗai suka yarda su yi magana.

'Yan'uwanmu na Nima da Mamobi da Madina, ku ma ku buɗe ido, don tallansa na baya-bayan nan cewa yake a Kumasi yake zaune yana aikawa Accra, kamar yadda ya ce wa namu yana Accra yana aikowa Kumasi. Ku tura wannan a zaurukan unguwa da na makarantun Islamiyya, musamman na mata, su ya fi bi yanzu. Wanda kuma yake da akwati a gida yana shakka, waɗanda suka san ni sun san gidan, ya kawo bayan la'asar in duba masa kafin ya ƙara tura ko sidi ɗaya.