Rumfar tsoho mai faifan garmaho a Katako

Shekara uku ke nan ina tara faifan garmaho, kuma wallahi duk Yamai ban ga inda ya kai wata 'yar rumfa da ke cikin kasuwar Katako ba, can ta wajen masu tsofaffin ƙarafa. Ba ta da allo ba ta da suna, tsofaffin rediyo da fitilu ne a gaba, faifan suna ciki cikin akwatin ƙarfe sai ka tambaya.

Ni masu kala nake nema. Yawancin faifan zamanin da baƙaƙe ne, da shalak anka yi su, wani ƙaro ne da ƙananan ƙwari ke fitarwa jikin itace a Indiya da Tailan, a gauraya shi da garin dutse da baƙin gari irin kunkunniya, shi ya sa suke da nauyi kuma in sun faɗi sai su tarwatse kamar tangaran. To amma akwai kamfanonin da sunka sa wata kala don a bambanta nasu a kanti. Ranar asabar Baba, tsohon mai rumfar, ya ce ɗana zo ka gani, ya zaro mini Vocalion na Amurka na farkon shekarun 1920, ja mai duhu kamar jan goro da anka tauna, na kai shi bakin ƙofa rana ta haske shi har layukan suna ƙyalli, sai da hannuna ya yi rawa. Shuɗin nan na Columbia da anka fara a 1932 kuwa ya ce sau ɗaya ya taɓa ratsa hannunshi, har yau ina jiran wani.

Abin da ya sa nake komawa shi ne ba ya sayar ma abin da ba ka ji ba. Yana da garmaho irin wanda ake wanawa da hannu, ba ruwanshi da kuran, ya wana ya ɗora faifan ya juya sau 78 a minti, ku zauna bisa benci ku ji fuska guda minti uku ko fi kaɗan, kuma kowace fuska sai ya sake allura, ya ce allurar ƙarfe sau ɗaya take, wanda ya maimaita ta shi ke cinye faifanshi da kanshi. Shi ne ma ya hana ni sayen wani tsohon Pathé na Faransa, ya ce wannan yankan layinshi daban ne, da ɗan dutse mai zagayen kai ake kaɗa shi, allurata ba za ta fitar da murya ba sai ɓarna. Wani ɗan kasuwa da karɓe kuɗina zai yi ya yi shiru. Kuma ya gargaɗe ni kar alkol ya kusanci faifai don narkar da shalak yake, ruwa kaɗan da tsumma mai laushi sun isa.

Jan nan jaka 6 ya ce, munka daidaita a 4. Muryar kam da ƙarar shuuu a ƙasanta, kala ba ta gyara sauti, kowa ya sani kafin ya biya.

Abin da ke damuna ajiyar ce. Akwatin yana ƙarƙashin kwano, a zafin Afrilu na Yamai, faifan an jibge su kan juna babu riga ga ƙura, na ƙirga bakwai da sunka tsage daga baki, guda biyu sun lanƙwashe. Abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai don waɗannan ba a sake buga su. Na roƙe shi Baba don Allah a jera su a tsaye a inuwa, ya ce in sha Allah, asabar mai zuwa zan kai mishi kwalaye.

In za ku je ku je da safe, ku riƙo kwali biyu masu kauri a matse faifan tsakani, don shi cikin jarida da leda kawai yake naɗewa, kuma ku shiga taksi kar ku hau kabu-kabu da shi.