Dutsen teku ko dutsen kamfani: wanne ya fi dacewa da sabon tankin murjani?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka haɗa tankin ruwan gishiri mai lita 200, ka sayi busasshen dutsen kamfani irin wanda aka yi wa launin shunayya, mai shago ya ce bayan kwana uku ka zuba kifi tunda akwai bakteriya a jikinsa. Sai kuma abokinka ya ce ka yi asarar kuɗinka, wai in ba dutsen da aka ciro daga teku ba, tanki ba zai taɓa nuna ba, wato ba zai shirya karɓar kifi ba. Kowannensu ya wuce gona da iri, sai dai maganar mai shagon ce za ta iya kashe maka kifi.

Abin da ake jira a sabon tanki guda ɗaya ne. Kifi yana fitar da amoniya, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. Masu kiwon tarwada sun san ta sarai, tana cikin abin da ke tilasta musu canjin ruwa a kai a kai. A ruwan teku ta fi illa, domin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, yana wajen 8.1 zuwa 8.3, kuma duk yadda pH ya hau, haka kason amoniya mai guba yake ƙaruwa. Wasu bakteriya, dangin Nitrosomonas, suna mayar da ita naitirait, wato NO2 da za ka gani a kwalbar awo. Wasu kuma, irin su Nitrospira, su mayar da NO2 ɗin naitiret, NO3, wanda kifi ke iya jurewa. Waɗannan halittu a jikin dutse da yashi suke zama, kuma ba ruwansu da asalin dutsen. Ramukan maƙalewa suke so, da iskar oksijin, da abinci. Don haka dutsenka zai nuna, abokinka ya kwantar da hankalinsa.

Ta fuskar lokaci, dutsen teku ne a gaba, amma da sharaɗi. In ya riga ya zauna a tankin mai sayarwa, aka ɗauko shi cikin ruwa aka kawo maka a ranar, cikin 'yan kwanaki za ka ga amoniya ta zama sifili, wani lokaci ma ba za ka ga ta tashi ba. In kuwa ya yi kwanaki a kwali, naɗe da jiƙaƙƙiyar takarda, daga tashar jirgi zuwa tashar mota, labari ya sha bamban. Kana buɗe kwalin hancinka zai gaya maka. Dutse mai lafiya ƙamshin bakin teku yake yi, wanda ya wahala a hanya kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma za ka ga soson da ke jikinsa ya yi baƙi ko ya yi fari yana narkewa. Irin wannan sai an goge shi da buroshi, a ajiye shi a roba daban da famfo na mako 2 zuwa 4 ana canja ruwa, kafin ya shiga tanki. Mu da muke nesa da teku, wannan na biyun ne ya fi yawan riskarmu. Kada kuma wani ya sayar maka da dutsen bakin ruwan Legas da sunan dutsen murjani, gaɓar Najeriya ba ta da tsaunin murjani irin na Bahar Maliya ko Indonesiya.

Dutsen kamfani kuwa ba iri ɗaya ba ne, nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai wanda ake ƙerawa sannan a reni shi cikin ruwan gishiri, a sayar da shi a jiƙe, kamar Real Reef. Akwai busasshe mai launi wanda kamfani ke cewa ya sa masa bakteriya masu barci, kamar LifeRock na CaribSea, da alama irinsa ne a hannunka. Akwai kuma na gida, wanda ake kwaɓa siminti da yashin aragonait, wato farin yashin teku mai sinadarin alli. Na simintin nan yana ɗaga pH sosai, sai an jiƙa shi makonni ana zubar da ruwan. In kana shakkar naka, jiƙa guntu ɗaya a bokitin ruwan gishiri ya kwana biyu, ka auna pH da fosfet na ruwan (fosfet sinadari ne da gansakuka ke ci). In pH ya haura 8.5 ko fosfet ya fito ɓaro-ɓaro, ci gaba da jiƙo.

Busasshen dutse, ko me aka rubuta a kwalinsa, ni ina ɗaukarsa a matsayin wanda ba komai a jikinsa. In aka bar shi da kansa yakan ci mako 4 zuwa 8. In aka zuba masa bakteriyar kwalba mai rai, irin su Fritz TurboStart 900 ko One and Only na Dr. Tim's, yakan sauko zuwa mako 1 zuwa 3. Matsalar kwalbar ita ce zafi. Wadda ta yini a bayan mota a watan Afrilu ba lallai ta yi wani aiki ba, kuma ba za ka gane hakan da ido ba.

Babban bambancin yana bayan amoniya ta zama sifili, kuma shi ne masu shago ba sa faɗa. Dutsen teku yana zuwa da jama'arsa: ƙananan ƙwarin ruwa da za ka gani suna gudu in ka haska tocila da dare, soso, tsutsotsi masu cin datti, da gansakukar nan mai tauri ruwan hoda da ke lulluɓe dutse. Waɗannan sun riga sun mamaye kowane lungu, don haka mugunyar gansakuka ba ta samun filin shimfiɗa tabarma. Dutsen kamfani fili ne fetal, duk wanda ya riga zuwa shi ne mai wuri. Da farko za ka ga ƙura ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi, diyatom ke nan, silika take ci, wani sinadari da ke cikin yashi da ruwa, takan tafi da kanta in silikar ta ƙare. Bayanta koriyar gansakuka mai kamar gashi, ko jan majina mai kumfa a kan yashi. Mafi ciwon kai ita ce daino, wata yauƙi ruwan ƙasa mai zare-zare da ke bayyana da rana ta ragu da dare, wasu irinta ma suna kashe katantanwa. Abin mamaki, ta fi kama tankin da mai shi ya cika tsafta har NO3 da fosfet suka zama sifili. Shi ya sa a tankin busasshen dutse ake barin NO3 wajen 5 zuwa 10 ppm (wato miligiram a kowace lita), fosfet wajen 0.03 zuwa 0.1 ppm. Wannan zamanin munin yakan ɗauki watanni, kuma a nan ne yawancin masu sha'awa ke sarewa su sayar da kayansu.

Sai dai jama'ar dutsen teku ba duka mutanen kirki ba ne. Aiptasia tana shigowa a ɓoye, ɗan ƙaramin abu ruwan ƙasa mai yatsu da ke harbin murjani, kuma in ka yage ta sai ta ƙara yawa. Haka ƙaguwa mai gashi a ƙafa, da gansakuka mai ƙwallaye kore, da jatan landen nan mai naushi da za ka riƙa jin ƙas-ƙas ɗinsa cikin dare kana neman inda katantanwarka suka shiga. Dutsen kamfani ya tsira daga duk wannan. Ga shi kuma a bushe yake, kana iya zama a tsakar gida ka jera shi yadda kake so, ka manne shi da gam, ba ka tsoron wani abu ya mutu.

Samun na teku ma ya yi wuya. Amurka ta hana ɗiban dutsen da ba renonsa aka yi ba a ruwan tarayya na gefen Florida tun 1997, shi ya sa yanzu masu sana'ar ke zuba dutsen tudu a teku su bar shi shekaru kafin su kwaso. Fiji, wadda a da ita ce kan gaba a wannan kasuwa, ta dakatar da fitar da shi a ƙarshen 2017. Cinikinsa tsakanin ƙasashe kuma yana buƙatar takardun CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin halittun da ake karewa.

In ni ne, zan riƙe dutsen da ka saya, wajen kilo 20 ya ishi lita 200. Sai in nemi guntu ɗaya ko biyu, ko da kilo 2 ne, daga tsohon tankin wani mai lafiya wanda na duba da idona ban ga Aiptasia ba, in kawo shi cikin ruwa. Kamar dai yadda ake ɗiga tsohon kindirmo a sabuwar madara ne.

Ruwan kuma a haɗa shi da gishirin tankin murjani, da ruwan da aka tace ta injin RO/DI mai cire narkakkun sinadarai, har TDS, awon abin da ya narke a ruwa, ya nuna 0. Ruwan burtsatse ko na famfo zai ciyar maka da gansakuka ne kawai. Gishiri ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, in ruwa ya ragu saboda tururi a cike da tataccen ruwa marar gishiri. Zuba bakteriyar, sannan ka ɗiga amoniyam kulorayid har awo ya nuna 2 ppm, kada ka bari ya haura 5 don yana iya jinkirta aikin. In babu shi, ɗanyen jatan lande guda ɗaya a cikin raga ya wadatar, sai dai ka shirya wa wari. Fitila a kashe, sikima (na'urar cire datti ta hanyar kumfa) da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin halitta ma a kashe su na kwanakin farko, famfuna dai su yi ta aiki.

Abu biyu ne za su fi ba ka wahala fiye da zaɓin dutse: zafi da wuta. Tankin murjani yana son digiri 24 zuwa 26. Bakteriya za su jure 28 ko 29 lokacin nunar tanki, murjani kuwa ba zai yafe maka haka kullum ba, don haka ka yi lissafin na'urar sanyaya ruwa ko fanka a saman tanki tun yanzu. Famfo ɗaya aƙalla ya kasance a kan inbata, domin in ruwa ya tsaya cik na sa'o'i masu yawa oksijin yana ƙarewa.

Kwanan wata ba shi ne hujja ba, awo ne. Ranar da ka ga amoniya ta sauka sifili, sake ɗiga ta zuwa 2 ppm. In ta ɓace cikin awa 24, NO2 ma ya sauka, tanki ya shirya. NO2 ba ya cutar da kifin teku kamar yadda yake yi wa na ruwan daɗi, amma muddin yana nan yakan sa awon NO3 ya nuna fiye da gaskiya, don haka kada lambar ta firgita ka. Canja kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan, ka sa kifi biyu ƙanana masu juriya kamar Ocellaris, kifin nan ruwan lemu mai farin zane, ka jira mako biyu kafin ƙari. Murjani mai laushi irin su Zoanthus zai iya biyo baya in ƙurar diyatom ta lafa. Murjani mai tauri irin su Acropora da danginta kuwa, a tankin busasshen dutse, ka ba su wata 6 zuwa shekara kafin ka kashe musu kuɗi.